Kofi a Hannun Hagu

Laraba, ƙarfe biyar na yamma

Baba yana asibiti tun jiya. Gado na huɗu daga ƙofa, kusa da tagar da ba ta rufuwa. Ya faɗi ne a wurin ɗaukar fim, a gabana, a gaban mutum ashirin da uku da kyamara biyu. Likita ya faɗi sunan ciwon, ni ba zan rubuta shi ba. Hannun dama ba ya motsi, ƙafar dama ma haka, magana kuma ta ɗauke.

Wannan littafin a shagon bakin asibiti na saya, don ba na son buɗe wancan. Wancan na aiki ne, mai baƙin bango. Yana cikin jakata.

Ban yi kuka ba. Yaya ta yi nata ta yi nawa.

Alhamis, ƙarfe bakwai na safe

Sati uku ke nan da fara aikina. Ni jarumi na so zama, har aski na canza saboda haka. Baba ya kalli askin ya ce, "Auta, ka fara koyon kallo tukuna kafin a kalle ka." Shi ya kai ni wurin Darakta, aka ba ni kontiniti, wato ni ne mai lura kada wani abu ya sauya tsakanin ɗauka da ɗauka. Hula ta karkata dama ko hagu, shayi ya kai ina a kofi, wane hannu ya buɗe ƙofa, ƙarfe nawa aka fara, ƙarfe nawa aka gama. Aikin da in ka yi shi daidai babu wanda zai san kana duniya.

Shi kuwa shekara talatin yana fitowa a uba. Uban Kowa ake ce masa. Babu jarumin da bai taɓa sa wa albarka ko ya kora daga gida ba. A gida kam ko kaza ba ya iya kora.

Ranar farko, a mota, doka ɗaya ya ba ni. Ya ce, "Daga an ce akshin har a ce kat, ko rufin ɗaki ne zai faɗo, ba ka da baki. Ka gani, ka rubuta. Shi ke nan aikinka."

Na riƙe dokar da kyau.

Alhamis, ƙarfe biyu na rana

Likita ya zagayo. Ya ce irin wannan ciwon tsere ake yi da agogo, kowane minti yana cin wani abu da ba ya dawowa. Umma ta ce masa ai an yi sa'a, autansa yana wurin, yana faɗuwa aka ɗauko shi. Ta dafa kafaɗata ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ka ga amfanin bin uba wurin aiki."

Na ce amin. Na fita sayo ruwan roba, ga wasu guda shida a ƙarƙashin gado.

Juma'a, ƙarfe shida na yamma

Kwanon sha: shuɗi. Bargo: ya zame ta dama sau huɗu. Idonsa: a kan silin.

Asabar, ƙarfe huɗu na yamma

Mutanen aiki sun zo dubiya. Darakta da mai kyamara da mai sauti da Anti mai sutura. Nas ta ce biyu-biyu za a shiga, amma da ta gane wane ne a gadon sai ta manta da dokarta, har ta ce shi ya hana ta auren wani a fim ɗin da ta fi so, wato ya hana jarumar, amma ita ta ji zafin. Kowa ya yi dariya. Rabin bakin Baba ma ya yi.

Mai sauti ya ce, "Uban Kowa, ka tashi mana, 'ya'ya sun yi yawa ba mai tsawata musu."

A baranda Darakta ya ja ni gefe. Ya daɗe yana shafa gemu kafin ya ce, "Ɗan Baba, ban san yadda zan faɗa ba. Ɗaukar nan ta huɗu, wallahi tun da nake ban taɓa ɗaukar abu irinta ba. Ba yanzu ba, amma za mu yi magana." Sai ya ce edita yana jiran littafina, ba zai iya haɗa komai ba sai da shi.

Na ce na bar shi a gida. Jakar tana rataye a kafaɗata.

Lahadi, ƙarfe goma na safe

Ban je ko'ina ba. Na wanke takalman Baba, har waɗanda ba ya sawa.

Litinin, ƙarfe ɗaya na rana

Edita ya kira sau uku. A na ukun na ɗauka. Ya ce, "Malam, ni fa lambobi kawai nake so, wace ɗauka ce mai kyau, wace ce ta lalace. Ka ɗauki hoton shafukan ka turo, minti biyar ne."

Na ce wayata ba ta ɗaukar hoto sosai. Ya ce to da me nake ɗaukar hulunan mutane sati uku. Na ce zan kawo.

Ba laifinsa ba ne. Shi shafi na goma sha tara a wurinsa shafi ne kamar sauran.

Talata, ƙarfe goma sha ɗaya da minti biyar na safe

Sati ɗaya daidai. Na kalli agogo ba da niyya ba.

Laraba, ƙarfe uku na rana

Yau Umma ta tafi gida ta yi wanka, Yaya tana wurin aikinta, ni kaɗai da shi. Yana barci. Na buɗe wancan littafin a kan gwiwata. Zan kwafo shafi na goma sha tara nan yadda yake, ko zai bar ni in ci abinci.

Fitowa ta arba'in da ɗaya. Falo. Uba yana shan shayi, an kawo masa takarda cewa ɗansa ya bar gida, ya karanta, ya yi magana huɗu, ya zauna a kujera kamar an zare masa laka.

10:40. Ɗauka ta ɗaya. Kofi a dama. Magana daidai. Mota ta wuce, sauti ya lalace.

11:05. Ɗauka ta biyu. Kofi a HAGU. A gyara.

Da manyan baƙaƙe na rubuta, har na ja layi. Daɗi nake ji, na kama Uban Kowa da kuskure a satina na uku. Na je na durƙusa kusa da shi na ce, "Baba, a dama ka riƙe ɗazu." Ya kalle ni ya ce, "To." Murmushin da ya yi gefe ɗaya ne. Na ɗauka zolayata yake yi.

11:15. Ɗauka ta uku. Kofi a dama. Ya zube a riga. A busar.

Rigar guda ɗaya ce, an riga an ɗauki fitowa tara da ita. Anti ta cire masa, ta wanke wurin, ta nemo dutsen guga. Minti arba'in. Ni ne na riƙe mata rigar ina sa ido kada tabo ya fito. Baba yana zaune a kujerar falo da singileti, shiru, kansa a ƙasa. Mai fitilu ya zo zai yi masa magana, na tare shi, na ce a ƙyale shi, yana riƙe da yanayin fitowar ne. Ni na faɗi haka, da bakina, ina jin kaina ƙwararre.

12:10. Ɗauka ta huɗu. Kofi a hagu. Magana ta sarƙe. Bai zauna ba, ya faɗi.

Faɗuwa ba ta cikin labarin. Na san haka, takardar tana hannuna. Darakta ya ɗaga hannu alamar kada kowa ya motsa, mai kyamara ya matsa a hankali har kusa da fuskarsa. Idon Baba yana kaina. Minti ɗaya da daƙiƙa hamsin kafin a ce kat. Aka yi tafi.

A ƙasan shafin na rubuta mai kyau, na sa tauraro.

Sa'a ɗaya da minti biyar. Na lissafa ta kowace hanya, haka take fitowa.

Alhamis, ƙarfe takwas na safe

Ban ci ba.

Juma'a, ƙarfe biyar na yamma

Yaya ta ce na zama kamar katako. Ta ce, "Kai wai wane irin mutum ne? Ubanka a kwance, kai kana gyara masa bargo kamar mai auna fili." Na ce bargon yana zamewa. Ta ce bari ta yi shiru kafin ta faɗi abin da za ta yi nadama.

Gaskiyarta ne. Na duba cikina ban sami komai ba, ba baƙin ciki, ba tsoro. Lambobi ne kawai a ciki, suna nan a jere.

Wata mata ta fara zuwa tana motsa masa hannu da ƙafa, tana sa shi maimaita kalmomi. Ya iya "to" da "a'a". Matar ta ce yawanci "a'a" ce ke fara dawowa ga maza. Umma ta ce wannan ai ba ta taɓa tafiya ba.

Lahadi, ƙarfe huɗu na yamma

Darakta ya zo gida, ya zauna a kujerar Baba bai sani ba. 

Ya ce saura fitowa bakwai na Baba. Uku za a iya cirewa. Huɗu kuwa dole ne, amma za a iya ɗaukarsu ta bayan mutum, a nuna ƙeya da kafaɗa da hannu kawai. Sun canza labarin, uban zai kwanta ciwo tun daga fitowa ta arba'in da ɗaya, saboda haka ba ya buƙatar magana. Wato za su yi amfani da ɗauka ta huɗu. Ya ce in iyali ba su yarda ba, ya haƙura, sai a ajiye fim ɗin gaba ɗaya.

Umma ta ce, "Aikinsa ne. In ya ji an ajiye fim saboda shi, wannan ne zai ƙarasa shi. Ku ƙarasa abinku. Ni dai kada a nuna mini."

Sai Darakta ya juyo ya kalle ni daga sama har ƙasa, irin kallon da suke yi wa ɗaki kafin su ajiye kyamara. Ya ce, "Tsayinku ɗaya. Ƙeyar ma iri ɗaya ce. Kuma babu wanda ya san motsinsa kamar kai, a rubuce ma kake da shi."

Umma ta ce, "Ka ga, abin da kake ta nema ya zo."

Na ce to.

Litinin, ƙarfe goma sha biyu na rana

An aske mini askin jarumai. An shafa mini furfura a ƙeya da buroshin haƙori.

Talata, ƙarfe shida na yamma

Rana ta farko a gaban kyamara.

Anti ta sa mini rigar. Ta yi mini yawa a ciki, ta cusa tawul ta ɗaure. Tana ɗaura mini agogonsa ta ce, "Ka ci abinci kuwa, ɗan nan?" Na ce na ci. Ta ce, "Ƙarya kake, ni na haifi irinka uku." Tabon shayin yana nan a ƙirji, ɗan kaɗan, sai wanda ya san wurin zai gani. Ta ga ina kallo, ta sa tafin hannunta ta rufe shi, ta daɗe ba ta ɗauke ba.  Ita ce mai dutsen guga, ni ne mai riƙe riga.

Falon yana nan yadda muka bar shi. An manna farin tef a ƙasa inda ƙafafunsa suke tsayawa. Na tsaya a kai.

Suna buƙatar hoton bayansa kafin faɗuwar, don a haɗa da ɗauka ta huɗu. Aka miƙo mini kofi, na karɓa da dama. Darakta ya ce, "Wa ke riƙe da kontiniti yau? Wane hannu ne?" Babu wanda ya amsa, don babu wanda ke riƙe da shi. Kowa ya juyo yana kallona.

Na ce, "Hagu."

Na mayar da kofin hagu, na saki hannun dama ya rataya, na sauke kafaɗar kaɗan. Ba a ce in yi haka ba, amma haka yake a ranar, na gani. Mai kyamara ya ɗago kansa daga kyamarar ya ce, "Innalillahi," a hankali. Ɗauka ɗaya aka yi. Darakta ya ce gado ba ƙarya ba ne. Wannan karon ba a yi tafi ba, na gode musu da hakan.

Laraba, ƙarfe bakwai na yamma

Fitowa biyu. Bayana yana da hazaƙa, in ji mai sauti.

Edita ya zo da kansa. Na ce gobe. Ya ce goben nan tawa ta fi kowace gobe nisa, kuma ranar Litinin zai fara haɗawa ko da littafi ko babu, in fim ya fito hula tana tsalle daga kai zuwa kai sunana ne a rubuce.

Na yi tunanin yage shafin in sake rubuta shi ba tare da lokutan ba. Har na sa hannu. Amma ba edita nake ɓoye wa ba, shi ina ruwansa da ƙarfe nawa. Umma ce, da take sa mini albarka kullum da safe a kan abin da ban yi ba.

Juma'a, ƙarfe uku na rana

An sallami Baba. Mun shigo da shi a keken guragu, mun mayar da gadonsa falo saboda matakala. Yara a layi suna ta leƙe, wani ya tambaya ko fim ake yi.

Kalmominsa yanzu: to, a'a, ruwa, Auta. Yana iya ƙirga da yatsun hagu.

Yaya ta ce sunana ya riga nata dawowa, za ta riƙe wannan har abada.

Asabar, ƙarfe tara na safe

Gobe.

Lahadi, ƙarfe biyar na yamma

Bayan azahar Umma tana yanke masa farce. Na ɗauko littafin mai baƙin bango na zauna a ƙasa kusa da gadon. Na ce, "Umma, Baba, akwai abin da zan karanta muku." Umma ta ce in dai fim ɗin ne ba ta so. Na ce ba fim ba ne, aikina ne.

Na karanta shafin daga sama har ƙasa, da lokutan, da layin da na ja, da maganar da na gaya wa mai fitilu, da tauraron. Muryata ba ta yi rawa ba. Na so ta yi, ta ƙi. Na ce, "Ba yana faɗuwa aka ɗauko shi ba. Tun sha ɗaya da minti biyar na gani. Na gani na rubuta."

Umma ta ajiye abin yankan farcen a kan bargo. Ba ta kalle ni ba. Ta ce, "Sa'a guda?" Na ce da minti biyar.

Sai Baba ya ce, "A'a."

Ya bugi katifa da hannun hagu. Ya ɗaga yatsu biyar, ya dunƙule, ya ɗaga huɗu. Ya nuna hannunsa na dama, ya nuna ƙirjinsa, ya ɗora yatsa a kan leɓensa. Ya sake yi, biyar da huɗu. Bakinsa ya yi ta kokawa har gumi ya fito masa a goshi, sannan kalmar ta fito, sabuwa, ta biyar.

"Tara."

Umma ce ta fassara, ita ta iya shi. Ta ce, "Tun ƙarfe tara? Tun tara ka ji hannun ya mutu ka yi shiru? Ka ɓoye wa yaro, ka ɓoye wa kowa, don kada a tsayar da aiki?" Ya ce, "To." Ta rufe shi da faɗa tana kuka, ta ce taurin kansa ne zai kashe ta, shekara talatin da biyar tana fama, mutum ya mayar da kansa jakin kyamara, ga shi ya sa yaro ya rame yana ɗauke da laifin da ba nasa ba. Ta jawo kaina ta haɗa da gwiwarta. Shi kuwa ya sunkuyar da kai, ya yi fuskar mai laifi, ya bar ta ta gama.

Littafin yana buɗe a cinyata. 10:40, ɗauka ta ɗaya, kofi a dama. Cike yake har baki, ya ɗaga shi, ya kurɓa, ya ajiye, ko ɗigo bai zuba ba. Ƙarfe goma saura kuma da wannan hannun ya make mini ƙeya don na taka wayar fitila. Ƙarfe tara lafiyarsa ƙalau. Ni ne mai kontiniti, na sani.

Na ɗago na kalle shi ta saman kafaɗar Umma. Yana kallona, irin kallon ranar, sai dai yau ya san abin da yake yi. Ya girgiza kai kaɗan, yadda ba za ta gani ba.

Ba a ce kat ba, ban yi magana ba.

Na fita bayan gida wurin famfo, na yi kukan da ban yi ba kwana goma sha tara. Yaya ta same ni a wurin, ta ce ashe katako ma yana jiƙa, ta zauna kusa da ni.

Litinin, ƙarfe takwas na safe

Na kai wa edita littafin, shafi na goma sha tara yana ciki, ban taɓa komai ba. Ya buɗe, ya bi lambobin da yatsa, ya ce rubutuna yana da tsabta. Ya ce Darakta yana da wani aikin wata mai zuwa, yana tambaya gaban kyamara nake so ko littafi. Na ce littafi.

Na jiya ba shi da shafi a can, a nan zan sa shi.

Falo. Uba a gado, uwa, ɗa. Hannu: hagu. Magana: uku. Ɗauka ɗaya.

Mai kyau.